Agogo mai kalandar dindindin: zai jure ɗaurin yau da kullum a Abuja?

Baban Hanan, Gwarinpa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san agogo. Wani yayana da muke harka tare zai sayar da agogonsa ɗan Suwizalan, irin wanda ba ya cin batir, motsin hannu ne ke tafiyar da shi. Na ƙarfe ne, ba gwal ba. A fuskarsa akwai ƙananan da'irori huɗu: ta ranar mako, ta kwanan wata, ta sunan wata, sai ta ƙasa mai nuna farin wata yana cika yana raguwa. Ya ce kalandar dindindin gare shi, ba a gyara masa kwana. Kuɗin da ya faɗa zai sayi mota mai kyau. Raina ya biya ƙwarai. Sai dai ni ba ajiye shi zan yi a akwati ba, ɗaurawa zan yi kullum, ofis a Wuse 2, masallaci, kasuwa, ko'ina. Zai jure kuwa? Kuma batun ba a gyara kwana gaskiya ne, ko zaƙin bakin mai sayarwa?

Injiniya, Kubwa:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, amma akwai sharaɗi. Agogon kwana da muka saba da shi ya ɗauka kowane wata kwana 31 ne, shi ya sa sau biyar a shekara sai ka tura shi da hannunka: ƙarshen Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba. Wannan kuwa, a irin ƙirar da aka fi sani, akwai wani faifai a cikinsa da aka kasa bakinsa gida 48, watannin shekara huɗu ke nan. Wata mai kwana 31 ba a rage masa komai ba. Mai kwana 30 an ɗan yi masa rami. Fabrairu mai 29 raminsa ya fi zurfi, mai 28 shi ne mafi zurfi duka. Akwai dogon ƙarfe da bakinsa ke faɗawa cikin ramin, zurfin da ya shiga ne ke sa kwana ya tsallake ɗaya, ko biyu, ko uku. Faifan nan sai ya kwana 1,461 kafin ya zagaya sau ɗaya. Babu batir, babu kwamfuta, ƙarfe ne kawai ke tura ƙarfe.

Inda zai kuskure shi ne shekarar 2100. A ƙa'idar kalandar miladiyya da aka gyara a 1582, shekarar da ta cika ƙarni ba ta samun 29 ga Fabrairu sai idan 400 ta raba ta daidai. 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Agogon bai san wannan ba, ranar 1 ga Maris zai nuna 29 ga Fabrairu.

Alhaji na Maitama:
Injiniya ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Amma 2100 ba damuwarmu ba ce, ta jikoki ce. Sharaɗin da ya shafe ka, ƙanena, shi ne kada agogon ya tsaya. Na daɗe ina ɗaura irinsa, don haka ka saurare ni. Ƙarfin da yake tarawa daga motsin hannunka, a yawancinsu kwana biyu ne ko uku ya ƙare. Ka cire shi daren Juma'a ka ɗaura wani, wataƙila ka tarar da shi a tsaye safiyar Litinin. In kwana biyu ne da sauƙi. Amma ka tafi Umra ka bar shi a durowa, ka dawo, to ranar mako daban, kwanan wata daban, farin wata daban, kowanne sai an mayar da shi wurinsa. A gefen agogon akwai wasu ƙananan maɓallai da suka lotsa ciki, ana ba ka ɗan tsinke na musamman da za ka danna su, kuma akwai tsarin wanda ake fara dannawa. Ba aikin gaggawa ba ne, ba kuma aikin da za ka yi a mota kana jiran danja ta ba ka hannu ba.

Don haka ɗaurin kullum da kake tsoro, shi ne ma abin da agogon yake so. Wanda ya saya don ɗaurin aure da Sallah kaɗai shi ke shan wahala.

Baban Hanan, Gwarinpa:
Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. To in zan yi tafiya ba tare da shi ba fa?

Alhaji na Maitama:
Akwai akwatin da ake sa shi a ciki, yana juya shi a hankali kamar yana hannu. Lantarki yake amfani da shi, wasu da batir. Ka nemi mai batir, ko ka jona shi a layin inbata. In an ɗauke wuta kwana uku akwatin ya tsaya, agogo ma ya tsaya.

Mai gyaran agogo, Kasuwar Wuse:
Ranku ya daɗe, bari in sa baki tunda sana'ata ce, a gun mahaifina na koya. Ina gyara agogon inji, ina wanke inji, ina sa mai, ina canja sifirin. Amma duk wanda ya kawo mini mai kalandar dindindin ba na buɗewa, sai in ba shi haƙuri. Ba don ban iya riƙe sukuddireba ba. Dalili shi ne in wani abu ya karye a ciki, babu inda zan samo madadinsa, kamfanonin ba sa sayar wa irinmu kayan gyara. Akwai kusoshi a ciki da ba su kai ƙwayar riɗi ba, akwai sifirin da ya fi gashin kai siriri. Ga teburina a bakin hanya, lokacin hunturu ina share gilashin da safe, kafin azahar ƙura ta sake rufe shi. Ƙwayar ƙura guda ta haɗu da mai ta isa ta rage wa inji gudu.

Abu biyu zan roƙe ka in ka saya. Na farko, kada ka taɓa maɓallan kalanda in agogon yana nuna tsakanin wajen tara na dare zuwa uku na dare. A lokacin haƙoran canja kwana sun riga sun kama juna, ka danna da ƙarfi sai haƙori ya ɓalle. Kuma in ya tsaya ba ka san ko dare yake nunawa ko rana ba, don haka ka fara juya hannayen gaba har kwana ya canja, ka kai su wajen shida na safe, sannan ka gyara. Na biyu, wasu irin ba sa komawa baya. Ka zarce kwana, sai dai ka bar shi a tsaye har ranar ta cimma shi. In ka zarce da shekara guda kuwa, sai an buɗe shi.

Abu Sumayya, Nyanya:
Ni fa ku yi haƙuri, tun ɗazu nake karantawa raina bai kwanta ba. Abin da za a saya da kuɗin mota, ba ya son ƙura, ba ya son a ajiye shi, ba mai gyara shi a garin nan, kuma wayar da ke aljihunka ta fi shi faɗin lokaci daidai. Ni kullum sai na wuce mutane a bakin titin Mararaba suna jiran mota tun asuba, wasu ba su karya ba. Kuɗin nan zai haƙa rijiyar burtsatse a ƙauye, zai biya wa marayu makaranta. Allah ya ce masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu ne, yana cikin Suratul Isra'i. Ba hassada nake yi ba wallahi, Allah ya ƙara wa kowa buɗi. Casio ɗina tun ina makaranta nake ɗaura irinsa, da shi nake alwala, ruwan sama ya dake shi, bai taɓa ba ni kunya ba.

Injiniya, Kubwa:
Wajen daidaiton lokaci ka yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Agogon inji da ya ci jarrabawar hukumar gwaji ta Suwizalan an yarda ya yi latti da daƙiƙa 4 ko ya yi sauri da daƙiƙa 6 a rana. Casio F-91W, wanda ya fito a 1989, kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba. Sai dai shi F-91W ya ɗauka Fabrairu kullum 28 ne, duk shekara huɗu sai ka gyara masa. Yawancin agogunan Casio samfurin G-Shock kuma an tsara kalandarsu har 2099. Ke nan wanda kalanda kawai yake nema, yana iya samunta da kuɗi kaɗan. Mai sayen na inji aikin hannun yake saya.

Alhaji na Maitama:
Malam Abu Sumayya, maganarka tana da nauyi, ban raina ta ba. Wanda bai fitar da zakka ba, ko iyalinsa na cikin buƙata, ko zai ci bashi don ya saya, ni da kaina zan hana shi. Amma bari in gaya maka abin da ya ja ni.

Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Mudge, tun wajen 1760 ya yi agogon aljihu mai irin wannan kalanda, lokacin ba a san wutar lantarki a gidaje ba. Sai a 1925 kamfanin Patek Philippe suka sa ta a agogon hannu, kuma injin da suka sa tun 1898 aka ƙera shi don agogon wuya na mata. Da kamfanin Seiko na Japan suka fito da agogon batir irin na quartz a ƙarshen 1969, masana'antun Suwizalan da yawa sun rufe, dubban ma'aikata sun rasa aiki, mutane sun ɗauka sana'ar ta mutu. A cikin wannan halin ne wani maƙerin agogo na kamfanin IWC, Kurt Klaus, ya zauna yana lissafi da zane da hannu, har a 1985 ya fitar da kalandar da ake gyara komai nata da maɓalli guda, tana kuma nuna shekara da lambobi huɗu. Ni duk daren 28 ga Fabrairu ba na kwanciya da wuri. Ina zama in kalli hannun kwana ya tsallake 29 da 30 da 31 ya sauka a kan 1. Na san mutum ne ya zauna ya gogi ƙarfen da ya yi wannan, kuma bayan raina in an kula da shi zai ci gaba da yi. Mu da muke girmama aikin dukawa da masaƙa da maɗinkan babbar riga mai aska takwas, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Kakanninmu ma sun yi wa agogo kirari da sarkin aiki.

Abu Sumayya, Nyanya:
Alhaji na ji, kuma na yarda aikin gwaninta ne. Amma kuɗin babbar riga a hannun ɗan'uwanmu yake tsayawa, a Zariya ko Kano. Wannan kuɗin Turai zai tafi, kuɗin gyaransa ma can. Nan ne muka rabu.

Hajiya Maman Ikram, Garki:
Ku bar ni in yi magana a matsayin 'yar kasuwa, gwal nake sayarwa. Maza suna yawan cewa agogo ajiyar dukiya ne. Ku yi hattara da wannan magana. Gwal in buƙata ta taso, yau za ki kai shi a ɗora a sikeli, a ba ki kuɗinki a kan farashin giram. Agogo ba a auna shi. Sai an sami mai so, wanda ya san shi, wanda kuma ya yarda ba jabu ba ne. Mutane nawa ne a Abuja za su ƙirga maka wannan kuɗi a mako guda? Ana kafa hujja da wani Patek na ƙarfe da aka yi gwanjonsa a 2016 a kan sama da miliyan 11 na kuɗin Suwizalan, amma irinsa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba a duniya. Yawancin agogo yana barin shago darajarsa ke sauka.

Baban Hanan, ka tambayi yayan naka da ladabi: akwai kwalin? Akwai katin shaida da lambarsa ta yi daidai da ta jikin agogon? Yaushe aka yi masa sabis na ƙarshe, ina takardar? Zumunci daban, ciniki daban. Shi kansa wataƙila ya saya hannu da hannu bai bincika ba. Na bogi yanzu sun ƙware, ido kaɗai ba ya raba su.

Alhaji na Maitama:
Hajiya ta taɓo inda ke da zafi, wato sabis. Man da ke ciki yana bushewa. Bayan shekara biyar ko makamancin haka ya kamata a warware shi gaba ɗaya, a wanke, a sa sabon mai. Irin wannan sai an tura Dubai ko Landan ko can Suwizalan, kuɗin ya kan haura dala dubu, kuma ka yi watanni hannunka babu shi. Ka lissafa wannan da farashin canji na Zone 4 kafin ka biya. In shekarun sabis sun wuce, a rage maka daga kuɗin.

Baban Hanan, Gwarinpa:
Wannan ban sa shi a lissafi ba. To batun alwala fa? A bayansa an rubuta mita 30.

Mai gyaran agogo, Kasuwar Wuse:
Yallaɓai kada mita 30 ɗin ta ruɗe ka. Ma'anarta fantsalin ruwa ko yayyafi, ba wanka ba, ba iyo ba. Kuma kowane maɓallin kalanda ƙofa ce da ruwa zai iya bi in robar da ke toshe ta ta tsufa. Ana kawo mini agogo gilashinsa ya yi hazo daga ciki, in na buɗe sai in tarar tsatsa ta fara ci. Ga maɗaurin fata, ruwa sau biyar a rana da gumin watan Maris da Afrilu, ba ya shekara sai ya fara wari ya tsattsage. Ka riƙa cirewa. Amma in ka cire, aljihun gaba na riga za ka sa, kada ka ɗora a kan dakalin alwala. Ba sau ɗaya ba mutum ya zo shagona ranar Juma'a da yamma yana neman sabon agogo, nasa ya manta shi a wajen alwala. Kuma kada ka kwantar da shi a kan lasifika ko jikin murfin waya mai maganaɗisu, zai fara gudu fiye da ƙima. Wannan kam da sauƙi, ina da na'urar cire shi ba sai an buɗe ba.

Malam Ustaz, Area 1:
Bismillah. An ambaci addini, bari in ɗan ce wani abu. Ado a kan kansa ba laifi ba ne, a Suratul A'arafi Allah ya tambaya wa ya haramta adon da ya fitar wa bayinsa, kuma hadisi ya tabbata cewa Allah kyakkyawa ne yana son kyau. Abin da ake tsoro shi ne girman kai da wuce gwargwadon hali. Abin da ya zama israfi ga ma'aikaci mai jiran albashi ba lallai ya zama israfi ga attajiri ba. Kowa ya san zuciyarsa da aljihunsa. Amma damuwar Malam Abu Sumayya a kan maƙwabci mai yunwa tana nan, babu fatawar da za ta goge ta.

Abin da ya fi bayyana shi ne zinare. An haramta shi ga maza, kuma mafi yawan agogon nan masu tsada da shi ake yin jikinsu. Ka tabbatar naka ƙarfe ne da gaske, don akwai farin gwal, a ido kamar ƙarfe yake, alhali zinare ne aka gauraya.

Sannan kada farin watan da ke fuskar agogon ya sa wani ya yi gardamar azumi ko Sallah. Mu a nan sai an ga wata, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar.

Injiniya, Kubwa:
Allah gafarta Malam, haka ne, inji ma bai yi da'awar ganin wata ba. Zagayen wata kwana 29 ne da rabi da 'yan mintuna 44. Agogo mai sauƙi yana amfani da faifai mai haƙora 59, wato wata biyu, ya yi watsi da mintunan, sai ya kauce da kwana ɗaya cikin ƙasa da shekara uku. Masu kyau suna da haƙora 135, su sai bayan shekara 122 suke kaucewa da kwana ɗaya. Kuma cikar wata yake nunawa a lissafi, bai san hadari ko hazo ba.

Akwai ma wanda aka yi wa kalandar Hijira. Kamfanin Parmigiani Fleurier ne suka fitar da shi a jikin filatinom, ya ci kyautar ƙirƙira a gasar agogo ta Jeneba a 2020. Yana bin lissafin nan na zagayen shekara 30, inda 11 daga ciki ke da kwana 355, sauran 354. Shi ma dole wani lokaci ya saɓa da ganin ido da kwana guda.

Hajiya Maman Ikram, Garki:
Ba wanda ya yi maganar tsaro. Masu ƙwacen waya a cunkoson mota sun san agogo. In gilashin motarka a sauke yake, hannun hagu ne a waje. Dogon hannun kaftani yana rufe shi, wannan taimako ne. Kuma duk ranar da za ka hau motar haya da dare, da halin da ake ciki na 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya, ka bar shi a gida. Ka ɗauki hotonsa da lambarsa ka adana, ka kuma tambayi kamfanin inshora ko suna karɓar irinsa.

Abu Sumayya, Nyanya:
Ni ra'ayina bai canja ba. Amma in har ka saya, Baban Hanan, ina roƙonka ka ware wani abu ka yi sadaka da shi a ranar. Allah ya sa albarka a dukiyarka.

Baban Hanan, Gwarinpa:
Amin, na karɓi wannan shawara, kuma na gode da ka faɗa mini kai tsaye. Na kira yayan nawa yanzu. Kwali da kati suna nan, tsinken gyara ma yana nan. Sabis kuwa ya ce tunda ya saya ba a taɓa yi ba, kuma ya daɗe a hannunsa. Na ce sai dai mu zauna a kan farashin.

Alhaji na Maitama:
Madalla. Ka roƙe shi ya ba ka aro ka ɗaura har ƙarshen wata mai kwana 30. Ka duba da idonka ko ya tashi daga 30 ya sauka a kan 1 shi kaɗai, sunan wata ma ya canja. Na bogi da yawa da'irorin ado ne kawai, da hannu ake tura su, a nan asirinsu ke tonuwa. Ka duba kuma ɗan gurbin da ke nuna 1 zuwa 4, na zagayen shekaru. 2024 ce mai kwana 366 da ta wuce, 2028 ce mai zuwa, ka ƙirga ka ga ko lambar da yake nunawa ta dace da bana.

Mai gyaran agogo, Kasuwar Wuse:
In ya ba ka aron, ka biyo da shi shago da safe kafin kasuwa ta cika. Zan ɗora shi a na'urar sauraren bugun inji, mu ga daƙiƙa nawa yake ci ko yake bari a rana, da kuma ko ƙarfin bugun ya ragu, wanda shi ke nuna mai ya bushe. Ba zan buɗe shi ba. Ka zo da katin mu gwada lambar.